'Yancin Rai a Sufancin Kiristocin Turai na Da: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban falsafa, da masu karatun tauhidin Kirista, da masu sha'awar tarihin addinai, da zarar sun ci karo da rubuce-rubucen sufayen Turai sukan yi ta maimaita tambayoyi kusan iri ɗaya. An tattara su a nan daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Kowace amsa na iya tsayawa da ƙafarta, amma an nuna inda wata ke ƙarasa wata.

1. Wane zamani ake magana a kai, kuma su wane ne waɗannan mutane?

Maganar kusan shekara 300 ake yi, daga farkon ƙarni na 12 zuwa ƙarshen na 14, a yankin da ya haɗa arewacin Faransa, da ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, da biranen bakin kogin Rhine kamar Cologne da Strasbourg. Na farko a jerin shi ne Bernard na Clairvaux (1090 zuwa 1153), shugaban wani gidan zuhudu a Faransa. Sai matan da suka yi rubutu da harsunan gida maimakon Latin: Beatrice ta Nazaret (ta rasu 1268), da Hadewijch, da Mechthild ta Magdeburg, da Marguerite Porete wadda aka ƙone a 1310. Sai Meister Eckhart, Bajamushe ɗan ɗariƙar Dominikan, wanda aka haifa wajen 1260, da mabiyansa Heinrich Suso da Johannes Tauler. Na ƙarshe shi ne Jan van Ruusbroec (1293 zuwa 1381), limamin coci a birnin Brussels.

Ba ƙungiya ɗaya ba ce, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wasu ma sun soki wasu da kakkausar murya. Abin da ya haɗa su shi ne imanin cewa rai na iya saduwa da Allah tun a nan duniya, kuma wannan saduwa tana kwance wa mutum wani ɗauri.

2. Da suka ce 'yanci, irin na siyasa suke nufi?

A'a, ko da yake daga rayuwar jama'a suka ari siffar. A Turai ta lokacin, 'yanci matsayi ne. Akwai manomin da ke ɗaure da gonar ubangidansa, ba ya barin ƙauye sai da izini, akwai ɗan birni mai wasu haƙƙoƙi a rubuce, akwai basarake wanda ba ya amsa kiran kowa sai na sarki. A wasu biranen Jamus, in ɗaurarren manomi ya gudu ya zauna shekara ɗaya da yini ɗaya ubangidansa bai zo nemansa ba, ya zama ɗa. Kowa ya san bambancin ɗa da bawa da idonsa.

Sufayen sai suka juya tambayar zuwa ciki: wane ne ubangidan zuciyarka? Amsarsu ita ce, mutum na iya zama basarake a gari alhali bawa ne ga tsoronsa, da kwaɗayinsa, da son a yabe shi. Na baya cikinsu suka ƙara da abin da ya tayar da ƙura, wato mutum na iya zama bawa har ga ibadarsa. Wannan ƙarin shi ne tushen kusan duk rigimar da za a gani daga amsa ta 8 zuwa ta 13.

3. In mutum ya kai matsayin da ba zai iya son mugunta ba, ashe bai rasa 'yancinsa ba?

Mutumin yau yakan auna 'yanci da yawan hanyoyin da ke buɗe a gabansa. Su kuwa sun gaji wani ma'auni dabam daga Agustin (354 zuwa 430), bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. Agustin ya ce Adamu yana da ikon ƙin yin zunubi, amma tsarkakan da ke sama suna da abin da ya fi haka, domin su ba za su iya yin zunubi ba sam. Anselm na Canterbury (ya rasu 1109) ya ɗaure maganar da hujja gajera: in iya yin zunubi wani ɓangare ne na 'yanci, to Allah da mala'ikunsa na kirki ba su da 'yanci ke nan, wanda kuwa babu mai cewa haka. Don haka ya ce 'yanci shi ne ikon riƙe miƙaƙƙen nufi saboda miƙewarsa kawai.

Mashayin da ke cewa ai yana da zaɓi ya sha ko ya bari, kullum kuma sai ya sha, bai fi wanda giyar ma ba ta burge shi 'yanci ba. Haka suke kallon al'amarin. Sukan kafa hujja da kukan Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa, inda ya ce nagartar da yake so ba ita yake aikatawa ba.

4. Mene ne 'yanci uku na Bernard?

A ɗan littafinsa kan alheri da 'yancin zaɓi, wanda ya rubuta wajen 1128, Bernard ya kasa 'yanci uku. Na farko kuɓuta daga tilas: ba wanda zai iya sa nufinka ya yarda in bai yarda ba. Wannan kowa na da shi, salihi da mugu, ba ya raguwa ko a wuta. Na biyu kuɓuta daga zunubi, wanda alherin Allah ke bayarwa a nan duniya. Na uku kuɓuta daga wahala, wanda cikarsa sai a lahira. Ya kuma sasanta tsohuwar gardamar nan ta ko aikin mutum ne ko na Allah da cewa, in aka cire 'yancin zaɓi babu abin da za a ceta, in aka cire alheri babu abin da zai yi ceton.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan Bernard ɗin shi ne ya zaga yana wa'azin fita yaƙin 'yan gicciye na biyu a 1146. Zurfin tunani kan ƙauna bai hana shi hura wutar yaƙi ba.

5. Me ya sa suke ganin neman lada a wurin Allah ɗauri ne?

Bernard ya ce masu bauta iri uku ne: bawa yana yi don tsoron duka, ɗan ƙodago yana yi don a biya shi, ɗa kuwa yana yi don yana ƙaunar uban. Biyun farko duk idonsu na kan kansu. Eckhart ya ɗauki wannan ya kaifafa shi. A wa'azinsa kan ranar da Yesu ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, ya ce 'yan kasuwar ba mugaye ba ne, mutanen kirki ne masu azumi da addu'a da tsayuwar dare, sai dai suna yi ne don Allah ya ba su wani abu a madadin. Ciniki suke yi da Shi. A wani wa'azin ya ce wasu na son Allah yadda suke son saniya, don madara da cuku.

Hujjar ita ce, duk abin da kake jira ya mallake ka. Wanda ke ibada don samun natsuwa, ranar da natsuwar ta ƙi zuwa ibadarsa ta girgiza. Ba lada suke musu ba. Cewa suke in lada ce ke jan ragamar, to akwai ragama a wuya.

6. Mene ne ake nufi da rayuwa "ba tare da dalili ba"?

Wannan furuci ya fara bayyana a rubutun Beatrice ta Nazaret, ya shiga littafin Porete, sannan ya zama kamar tambarin Eckhart. Ba rashin hankali ake nufi ba. Eckhart ya ce da za ka shekara dubu kana tambayar rayuwa don me take rayuwa, abin da za ta iya ce maka kawai shi ne tana rayuwa ne don tana rayuwa. Allah ma ba don wata riba Yake alheri ba. To mutumin da ya kusance Shi, adalcinsa kan ɓuɓɓugo daga ciki, ba sai an ɗora masa wani dalili daga waje ba. Ka haɗa wannan da amsa ta 5 da ta 11.

7. Su wane ne matan da ake kira Begin, kuma me ya kawo su cikin wannan magana?

Mata ne da suka zaɓi rayuwar ibada ba tare da shiga gidan zuhudu ba. Sun fara yawaita a farkon ƙarni na 13 a yankin Liège da Brabant. Ba sa ɗaukar wa'adin har abada, suna iya fita su yi aure, suna ci da guminsu ta saƙa da wanki da jinyar marasa lafiya da koyar da yara. A Cologne kaɗai gidajensu sun haura ɗari. Ba miji a kansu, ba kuma wata ɗariƙa da Fafaroma ya amince da dokarta. Hukumomin Ikilisiya sun rasa inda za su ajiye su.

Saboda haka in mace irin wannan, kamar Marguerite Porete, ta rubuta cewa rai na iya zama 'yantacce, kunnen bishop ba falsafa kaɗai yake ji ba. Yana jin macen da tun farko ba ta ƙarƙashin kowa tana bayyana dalilin da ya sa ba ta buƙatar zama ƙarƙashin kowa.

8. Me Marguerite Porete ta rubuta?

Littafi ɗaya ne, da Faransancin zamanin, sunansa Madubin Rayuka Masu Sauƙi. An tsara shi kamar muhawara tsakanin Ƙauna da Hankali da Rai. Hankali na ta tambaya yana firgita da amsoshin, har daga bisani ya faɗi ya mutu. Littafin ya zana matakai 7. Na farko kiyaye dokokin Allah, na biyu bin shawarwarin kamala, haka har na huɗu inda rai ke buguwa da daɗin ƙauna ya ɗauka ya iso. A na biyar ne yake gane cewa Allah ne mai kasancewa, shi ba komai ba ne, sai ya mayar wa Allah da abu ɗaya tak da yake nasa, wato nufinsa. Na shida ɗan walƙiya ne. Na bakwai sai bayan mutuwa.

Maganar da ta fi jawo mata fitina ita ce, rai wanda ya kai can yana sallamar kyawawan halaye. Ta bayyana abin da take nufi da misalin bara wanda ya daɗe yana yi wa ubangidansa hidima har ya fi shi arziki da sani, sai ubangidan ya koma zama a ƙarƙashinsa. Da can rai na wahala yana bauta wa haƙuri da tawali'u da kamun kai, yanzu su ke bin sa. Ta kuma ce irin wannan rai yana ba jiki abin da ya nema ba tare da damuwar lamiri ba, ta ƙara nan take da cewa jikin ya riga ya daidaitu har ba ya neman abin da aka hana. Masu tuhumarta sun ɗauki rabin farko na jimlar.

Akwai kuma abin da ba ta rufe shi da komai ba. Ta ce Ikilisiya biyu ce, Ƙarama wadda Hankali ke mulki, da Babba ta 'yantattun rayuka wadda Ƙauna ke mulki, kuma Babbar ce ke ciyar da Ƙaramar. Ba sai an gaya wa malaman Paris a wacce ta sa su ba.

9. Me ya sa aka ƙone ta?

A shari'ance, don ta koma ga abin da aka hana ta. Bishop na Cambrai ya sa an ƙone littafin a gabanta a garin Valenciennes kafin 1306, ya gargaɗe ta kada ta sake yaɗa shi. Ta ci gaba. Ta nemi malamai uku su duba shi, ciki har da Godfrey na Fontaines, babban malamin tauhidi na jami'ar Paris, wanda ya yaba amma ya ce kada a bari mutane da yawa su gani. Ta aika da kwafi ga bishop na Châlons. A 1308 aka kama ta aka miƙa wa William na Paris, mai binciken aƙida, wanda kuma shi ne limamin da Sarki Filib na Huɗu ke yi wa ikirarin zunubi.

Kusan shekara ɗaya da rabi tana tsare, ta ƙi yin rantsuwar da ake buƙata kafin a fara tambaya, ta ƙi amsa komai. Wani mai goyon bayanta, Guiard na Cressonessart, ya janye a ƙarshe aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ita ba ta janye ba. A watan Afrilun 1310 aka tara malaman tauhidi 21, aka karanta musu jimlolin da aka tsakuro daga littafin, suka ce bidi'a ce. Ranar 1 ga Yuni 1310 aka fito da ita dandalin Grève a tsakiyar Paris aka ƙone ta. Makonni uku kafin nan an ƙone jaruman ɗariƙar Haikali 54 a bayan birnin, don haka hayaƙin mutane ba baƙon abu ba ne ga 'yan Paris a wannan bazarar. Duk da haka marubucin tarihin da ya ba da labarin, wanda ba ya goyon bayanta ko kaɗan, ya rubuta cewa yadda ta fuskanci mutuwa ya sa da yawa cikin 'yan kallo hawaye.

A cikin littafin ta riga ta ce 'yantaccen rai kamar basarake ne wanda ba ya amsa wa talakan da ya kira shi fagen faɗa. Masana da yawa na karanta shirunta ta wannan fuska, kuma ina ganin sun yi daidai. In an kwatanta da abin da ya sami Eckhart a amsa ta 13, za a ga cewa ba kalmomin kaɗai aka hukunta ba. An hukunta wadda ta faɗe su, da harshen da ta faɗe su, da ƙin sunkuyar da kai.

10. Da gaske Eckhart ya roƙi Allah Ya raba shi da Allah?

Da gaske, a wa'azinsa kan ayar Matiyu da ke cewa masu albarka ne matalauta a ruhu. Ya ce matalaucin gaske shi ne wanda ba ya son komai, bai san komai ba, ba shi da komai. Ya matsa har ya ce muddin mutum na da nufin cika nufin Allah, bai talauce ba tukuna, domin har yanzu akwai "ni" da ke tsaye yana nufi. Ya kamata ya zama wofi kamar yadda yake kafin a halicce shi.

Allahn da yake roƙon a raba shi da Shi, shi ne Allah yadda halitta ke riƙe da Shi a tunaninta: mai suna, mai siffa, wanda ke can ni ina nan, wanda nake nema in mallaka. Bayan wannan, in ji shi, akwai zatin Allahntaka wanda ba suna ba siffa, yakan kira shi hamada. Wannan tunani ya gangaro ne daga wani marubucin Siriya na wajen shekara ta 500 da ya yi rubutu da sunan Diyonisiyus, wanda ya koyar cewa faɗin abin da Allah ba shi ne ba ya fi kusa da gaskiya bisa faɗin abin da Yake. Don haka sarƙa ta ƙarshe da ake kwancewa ita ce hoton Allah da mutum ya ƙera wa kansa.

11. Wannan koyarwa ba za ta sa mutum ya naɗe hannu ya bar aiki ba?

Nan ne Eckhart ya fi burge ni. A Linjilar Luka, Yesu ya sauka gidan 'yan'uwa biyu. Maryamu ta zauna a ƙafafunsa tana sauraro, Marta na ta kai da kawo da hidimar baƙi har ta yi ƙorafi, Yesu ya ce Maryamu ta zaɓi rabo mai kyau. Ɗaruruwan shekaru malamai na karanta wannan a matsayin fifikon zaman tunani a kan aiki. Eckhart ya kifar da fassarar. Ya ce Marta ce ta manyanta. Ta rayu, ta gogu, tana tsakiyar abubuwa amma abubuwan ba sa cikinta. Ƙorafinta ba hassada ba ne, tsoro take ji kada ƙanwarta ta maƙale a daɗin zaman ta kasa wucewa gaba. Maryamu sai ta tashi ta koyi rayuwa kafin ta zama kamar Marta.

Tun yana shugaban gidan Dominikan na Erfurt a shekarun 1290 yake gaya wa matasan 'yan zuhudu cewa, ko da mutum na cikin irin wahayin da aka ɗauke Bulus zuwa sama, in ya san akwai mara lafiya mai buƙatar ɗan romo, gara ya bar wahayin ya kai masa. Ya kuma yi wa masu zaton sun fi samun Allah a ɗakin addu'a bisa bakin murhu ko garken dabbobi ba'a, ya ce kamar sun naɗe kan Allah da mayafi ne sun tura Shi ƙarƙashin benci. Shi kansa ba mazaunin kogo ba ne: ya shugabanci lardin Saksoniya na ɗariƙarsa mai gidaje da dama, ya koyar a Paris sau biyu.

12. Akwai wata ƙungiya da ake kira 'Yantaccen Ruhu?

Babban taron Ikilisiya na Vienne, 1311 zuwa 1312, ya fitar da doka da ta lissafa kurakurai 8 da ta ce Begin mata da takwarorinsu maza na Jamus ke koyarwa. Daga ciki: mutum na iya kai wa matsayin da ba ya zunubi, wanda ya kai can ba ya buƙatar azumi ko addu'a, ba ya ƙarƙashin biyayya ga kowa, domin inda Ruhun Ubangiji yake nan 'yanci yake, kamar yadda Bulus ya rubuta wa Korantiyawa. Wasu daga jimlolin sun yi kama da na littafin Porete ƙwarai. Da aka fitar da dokar a 1317, aka shiga farautar Begin a Strasbourg da wasu biranen, aka rufe gidaje, aka tilasta wa mata da yawa barin wannan rayuwa.

Masanin tarihi Robert Lerner ya bi takardun shari'o'in ɗaya bayan ɗaya, a 1972 ya nuna cewa babu wata tsararriyar ƙungiya mai shugaba da mabiya. Masu bincike kan ɗauki jerin nan na Vienne su mayar da shi tambayoyi, su yi ta matsa wa wanda aka kama har ya amsa. Labaran fasiƙanci da aka jingina musu yawanci daga bakin abokan gaba suka fito. An dai sami ɗaiɗaikun mutane masu maganganun wuce gona da iri, abin da amsa ta 14 ta taɓo.

13. To shi Eckhart me ya same shi?

A 1326 babban bishop na Cologne ya buɗe masa shari'a, kuma wasu 'yan ɗariƙarsa biyu ne suka kai ƙara. Ya kāre kansa a rubuce, ya ce yana iya yin kuskure amma ba zai iya zama ɗan bidi'a ba, domin kuskure na hankali ne, bidi'a kuwa ta nufi ce. A watan Fabrairun 1327 ya tsaya a cocin Dominikan na Cologne ya shelanta cewa a shirye yake ya janye duk abin da aka tabbatar kuskure ne, bayan ya riga ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Fafaroma, sannan ya tafi Avignon inda Fafaroman yake zaune a lokacin. Ya rasu wajen 1328 kafin a yanke hukunci. Ranar 27 ga Maris 1329 Fafaroma Yohanna na 22 ya fitar da takarda kan jimlolin Eckhart 28: 17 bidi'a, 11 masu mugun amo. Takardar ta ce ya so ya san fiye da abin da ya kamata, ta kuma koka cewa ya faɗi waɗannan abubuwa a gaban talakawa.

Shi namiji ne, malamin jami'a, da ɗariƙa mai ƙarfi a bayansa, ya kuma nuna biyayya. Wani abin lura: da ya koma Paris a 1311, shekara guda bayan ƙone Porete, gidan Dominikan da ya sauka shi ne gidan da William mai binciken nata yake zaune. Kamannin wa'azinsa na amsa ta 10 da littafinta ya sa masana da dama ke ganin ya karanta shi.

14. Yaya na bayansu suka bambance 'yancin gaske da na jabu?

Suso ya rubuta ɗan littafi don kāre malaminsa, ya sa a ciki wata hira da wani siffa da ya bayyana masa. Ya tambaye shi daga ina, ya ce ba daga ko'ina ba. Me kake so, ya ce ba komai. Sunanka fa, ya ce daji marar suna. Ina saninka ya kai ka, ya ce ga 'yanci marar linzami, inda mutum ke bin son ransa ba ya bambance kansa da Allah. Kalmomin duk na Eckhart ne, amma an zare musu tsari. Suso ya amsa masa cewa haɗuwa da Allah ba ta share bambancin Mahalicci da halitta.

Ruusbroec, wanda ya bar Brussels a 1343 ya koma dajin Groenendaal da abokansa, ya fi zafi. Ya ce akwai wani hutu da kowa zai iya samu in ya zauna shiru ya kwashe tunani daga kansa, ba sai da alherin Allah ba. Wasu kan faɗa cikin wannan wofi su ɗauka Allah ne, su ce sun wuce addu'a da aiki. Ma'auninsa shi ne, Ruhun Allah na jawo mutum ciki ya huta, yana kuma hura shi waje ya yi aikin ƙauna, wanda ya tsaya a ɗaya ya ɓata. Abin dariya, bayan rasuwarsa shi ma sai da Jean Gerson, shugaban jami'ar Paris, ya zarge shi da narkar da rai cikin Allah fiye da kima.

15. Wannan ba shi ne fana'i na sufayen Musulunci ba?

Mai karatun da ya saba da littattafan Ƙadiriyya ko Tijjaniyya zai ji amo da ya sani. Rabi'atul Adawiyya ta Basra an san ta da bauta ba don tsoron wuta ko kwaɗayin aljanna ba. Alƙushairi, wanda ya rasu 1072, ya ware babi kan 'yanci a Risalarsa, inda ya nuna cewa haƙiƙanin 'yanci na cikin cikar bauta. Junaidu ya nace kan dawowa cikin hayyaci bayan fana'i, abin da ya yi kusa da Martar Eckhart. An kashe Hallaj a Bagadaza a 922, Gazali kuma ya yi raddi ga masu cewa sun wuce shari'a. Har ma Joinville, marubucin tarihin Sarki Luwi na Tara na Faransa, ya kawo labarin wani ɗan Dominikan mai jin Larabci da ya gamu da tsohuwa a Dimashƙa riƙe da wuta a hannu ɗaya, ruwa a ɗayan, tana cewa za ta ƙone aljanna ta kashe wutar jahannama don a ƙaunaci Allah saboda Shi kaɗai. Irin wannan labari Musulmi ke jingina wa Rabi'a.

Amma hanyar haɗuwar da ta tabbata tsakanin ɓangarorin biyu ta falsafa ce. Eckhart na ambaton Ibn Sina da Ibn Rushd da malamin Yahudawa Musa bin Maimun daga fassarorin Latin, ba littattafan ɗariƙu ba. Kuma ginshiƙin ya bambanta. A wurinsa, abin da ke faruwa a wofin rai shi ne Uba na haifar Ɗansa a ciki, magana ce da ta dogara kacokan ga aƙidar Triniti, wadda Musulunci bai yarda da ita ba.

16. Ina wannan tunani ya nufa bayan ƙarni na 14?

Wani limami a Frankfurt da ba a san sunansa ba ya rubuta ɗan littafi a ƙarshen ƙarnin, ya tace koyarwar Eckhart da Tauler, ya cika shi da gargaɗi kan 'yancin jabu. Martin Luther ya same shi, ya buga wani sashe a 1516, cikakke a 1518, ya ce bayan Littafi Mai Tsarki da Agustin ba littafin da ya fi koya masa. A 1520 ya fitar da nasa rubutun kan 'yancin Kirista, inda ya ce Kirista ɗa ne da ba ya ƙarƙashin kowa, kuma baran kowa ne. Calvin kuwa ya gargaɗi mabiyansa su guji wancan littafin na Frankfurt, ya ce akwai guba a ɓoye a ciki.

Wa'azozin Eckhart sun ci gaba da yawo, wasu a ƙarƙashin sunan Tauler, har Franz Pfeiffer ya tattara na Jamusanci ya buga a 1857. Madubin Porete bai mutu da ita ba. An fassara shi zuwa Latin da Italiyanci da Ingilishin zamanin, 'yan zuhudu na kwafarsa ba suna a kai. A 1927 aka buga shi a Landan da izinin hukumar Katolika, a matsayin aikin wani sufin Faransa da ba a sani ba. Sai a 1946 wata masaniyar tarihi 'yar Italiya, Romana Guarnieri, ta gwada jimlolin da ke takardun shari'ar 1310 da na littafin, ta gano cewa na Marguerite Porete ne.